Katin da Baba Ya Liƙe a Leda

Shekarun baya, lokacin ina fama da shekarar ƙarshe ta digirin digirgir a Manchester, na kamu da wata lalura da ban taɓa zaton za ta kama ni da girmana ba, wato tara katunan 'yan ƙwallo. Har yau in na faɗa wa mutanen gida sai su ɗauka karta nake nufi, su fara yi mini kallon wanda Turai ta lalata. Ba karta ba ce. Wasu 'yan katuna ne da ba su kai tafin hannu ba, hoton ɗan wasa a gaba, bayaninsa a baya. A ƙunshe ake sayar da su, ba ka san wanda ke ciki ba sai ka yage ledar. Yawancinsu ko kyauta ka ba mutum sai ya yi tunani kafin ya karɓa. Amma jefi-jefi akan dace da wanda 'yan ƙalilan aka buga, ko wanda ɗan wasan ya sa wa hannu da kansa, to irin wannan shi ne manyan mutane masu furfura suke bi gari-gari suna nema.

Abokina ne ya koya mini. Mutumin Jos ne, Kirista, yana aikin jinya a gidan kula da tsofaffi. A shagon mahauci muka haɗu a Longsight, ina waya da matata da Hausa ina yi mata alfaharin na samo naman akuya, sai na ji murya a bayana ta ce, "Malam, kar ka yi wa madam ƙarya, wannan tunkiya ce." Daga nan muka ƙulla. Dokta yake kira na tun ban rubuta ko rabin kundina ba. Duk ranar Asabar da ba ya aiki sai in hau bas in same shi a ɗakinsa a Moss Side, ya dafa shayi, mu baje katuna a kan tebur muna yagewa muna musu. Zama da maɗaukin kanwa, kafin wata uku ni ma na tara kwalin takalmi guda.

Ba don ƙwallon nake zuwa ba, in faɗi gaskiya. Na gaji ne. Na gaji da malamin da ke duba aikina da jan alƙalaminsa, na gaji da ruwan da ba ya sauka ba ya ɗaukewa, na gaji da waya daga gida ana tambaya ta yaushe zan gama. A teburin nan ne kaɗai ba wanda ke tambaya ta babi na huɗu.

Cikin duk abin da ya tara, akwai guda ɗaya da yake kira "mutuminmu". Ɗan wasan ɗan unguwarsu ne a Jos, a fili ɗaya suka yi ƙwallo da yayan abokina suna yara. Irin katin guda ashirin da biyar kacal aka buga, da lambar kowanne a bayansa, ga sa hannun ɗan wasan da shuɗin alƙalami a gaba. Abokina bai saye shi da tsada ba, a wani ƙaramin shago ya sayi ƙunshi ɗaya yana jiran bas, ya yage, sai ga shi. Yana ajiye shi cikin siririyar leda mai laushi, sannan ya zura a wata roba mai tauri. Ba a taɓa fuskarsa, ta gefe ake riƙewa. Shi ya koya mini cewa darajar kati tana kusurwoyinsa da fuskarsa, ƙarzanen da bai kai silin gashi ba zai iya zubar da rabinta.

Sai ya samu aiki mafi tsoka a Birmingham. Gidan da ya samu na haɗaka ne da mutum biyar da bai san ko ɗayansu ba, bangon ɗakinsa kuma ya yi baƙi saboda danshi. Ana gobe zai tashi ya zo gidanmu da rana, ya ajiye katin a gabana.

"Ajiya ce, Dokta. Ban yarda da wancan gidan ba."

Ya ce nan da 'yan watanni za a yi babban taron masu katuna a Birmingham, inda masana ke duba kati su ba shi maki, masu saye kuma suna nan da kuɗinsu. A nan zai sayar. Ginin da yake yi wa mahaifiyarsa a Jos ya kai linta, damina uku ke nan yana tsaye ba rufi, ita kuma tana gidan haya. Mutuminmu ne zai rufa mata. Na ce Allah Ya sa a dace, na saka katin a aljihun durowar da muke ajiye fasfo, na rufe.

Bayan wata biyu na kare kundina, Allah Ya taimake ni na tsallake. Sai mahaifina ya zo bikin yaye mu, da niyyar zai yi mako shida.

Sai kun san Baba kafin ku gane abin da ya biyo baya. Tsohon hedimasta ne, shekara talatin da wani abu yana koyarwa. Ana dab da ritayarsa ya buɗe akwati ya tarar gara ta cinye takardar shaidar malantarsa, ta bar masa kusurwa ɗaya da rabin hatimi. Shekara biyu ya yi yana jeka-ka-dawo tsakanin ofisoshi kafin a yarda shi ne shi. Tun daga ranar Baba ya ɗaura yaƙi da duk abin da ke cin takarda. Makaminsa laminatin, wato a saka takarda tsakanin leda biyu masu kauri a bi da ita ta injin zafi ta liƙe har abada. Takardun haihuwarmu, katin rigakafi, rasit ɗin rediyon da ya mutu tun ina firamare, duk sun sha leda. Mahaifiyata takan ce da injin yana ɗaukar mutum, da tuni an liƙe mu gaba ɗaya.

A Longsight zaman gida ya ishe shi. Ni ina fita da safe saboda 'yan gyare-gyaren da aka ba ni, matata tana aikinta. Shi kuma daga masallaci sai yawo a bakin Stockport Road, hannu a baya, yana karanta allunan shaguna kamar mai duba makaranta. Cikin mako guda ya gano wani shagon buga takardu mai injin laminatin, ya ƙulla abota da mai shagon. Ya fara da tikitin jirginsa. Ya bi da wasiƙar asibitina. Har takardar da matata ta rubuta yadda ake haɗa wani kek bai bari ba. Muna ta dariya, muna cewa ai gara da ya samu abin da zai ɗebe masa kewa.

Wata safiya yana neman fasfonsa a durowa sai ya ɗauko katin. Ya gyara tabarau ya ƙura masa ido.

"Wannan kuma wane ne? Ɗan'uwanmu ne?"

Na yi masa bayani iya yadda zan iya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ba dai caca ba ce ko?" Na ce a'a, Baba, tarawa ake yi, kamar yadda wasu suke tara kan sarki. Don kada ya raina shi ya wurga shi wani wuri, sai na zuba masa gishiri. Na ce ba nawa ba ne, amanar abokina ce, da shi zai rufa wa mahaifiyarsa gida, kuma babban maƙiyinsa danshi ne, shi ya sa aka kawo shi nan. Baba ya gyaɗa kai a hankali. Na ga lokacin da ya ɗaga ido ya kalli tagar ɗakin, inda raɓa ke gangarowa ta cikin gilashi tana taruwa a ƙasa. Na gani da idona, kuma duk karatun da na yi bai sa na gane abin da nake gani ba. Na ɗauki jakata na fita.

Bayan kwana uku na dawo da la'asar na tarar da shi a falo, yana zaune irin zaman mutumin da ya gama wani babban aiki. A kan tebur ya jera abin da ya yi a ranar: wasiƙar jami'a ta taya ni murna, wata takardar harajin gida, da mutuminmu.

Ya cire shi daga robarsa. An bi da shi ta inji, an yanke gefen ledar da almakashi, an zagaye kusurwoyin tsaf. Zafin ya sa ƙyallin fuskar katin ya yi ƙuraje, shuɗin sa hannun kuma ya ɗan yaɗu kamar an ɗiga masa ruwa. Da na juya bayansa sai na ga Baba ya yanki 'yar farar takarda ya saka a ciki kafin a liƙe, ta rufe rabin lambar. Ya rubuta da rubutunsa na hedimasta, mai tsayi mai jingine: "Amanar abokin ɗana. Allah Ya tsare ta har ta koma hannun mai ita."

"Wannan robar da kuka saka shi a buɗe take ta sama," in ji Baba. "Iska na shiga, ruwa ma zai shiga. Amanar mutane ba a yi mata haka. Yanzu ko a kogi ya faɗa ba abin da zai same shi."

Na zauna a hannun kujera. Na kalli tsohon nan da ya taka da ƙafarsa mai ciwon gwiwa, ya biya daga ɗan guzurinsa, yana jiran in yaba. Me zan ce masa? Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba. Allah Ya saka da alheri." Ya ce amin, ya miƙe ya tafi alwala.

A kicin matata ta kalli fuskata, ta kalli katin, ta dafe ƙirji. Ita ta san abin da ake ciki, don ta sha jin mu muna lissafin kusurwa da fuska.

"Ka gaya masa yau ɗin nan," in ji ta.

"Wa?"

"In ba za ka iya gaya wa Baba ba, na ji. Amma mai kayan fa? Ka ɗauki waya yanzu."

Na ce ta bari in ga ko akwai gyara tukuna. Saura mako biyar a yi taron.

Abin da na yi a makonnin nan, har yau in na tuna kunya ce ke kama ni. Na ɗauki katuna goma daga nawa marasa daraja na kai wani shago daban, don kada mutumin Baba ya kai rahoto, aka liƙe mini su. Na dawo gida na buɗe ɗakin gwaji. Na gwada dutsen guga da tawul a tsakani. Na gwada na'urar busar da gashin matata. Na gwada tururin butar shayi, na gwada firiza, na gwada reza. Har da ɗan littafi ina rubuta wanda ya fi. Duk goman ledar ta fita, amma da fuskar ɗan wasan take fita, ta bar mini farin kwali a hannu. Da na gama da na goma na gode wa Allah da ban fara da na mutane ba, da garin neman gira na rasa ido.

Sai na koma neman wani daga cikin ashirin da huɗun da suka rage. Na samu guda ɗaya a wata ƙasa, farashinsa ya sa na rufe kwamfutar na je na sha ruwa. Ko da ina da kuɗin ma, lambar baya daban ce, abokina kuma ya haddace tasa kamar ranar haihuwarsa.

Shi kuwa yana ta kira. Duk kwana uku ko huɗu, in ya samu hutun rabin awa a wurin aiki.

"Dokta, yaya mutuminmu?"

"Yana nan lafiya."

Kiran farko na ce a raina gobe zan faɗa. A na uku ya ce ya samu mai saye, wani dattijon Bature da ya ga hotunan da ya ɗauka tun da, sun yi magana, a taron za su haɗu. Na ce masha Allah. A na biyar yana cike da murna, ya ce ya gaya wa mahaifiyarsa ta kira kafinta ya zo ya auna, ta kuma shaida wa mai gidan hayar cewa ba za ta sabunta ba. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai na ji kaina ina tambayarsa wane irin kwano za su saka. Kullum maganar ƙara nauyi take yi, ni kuma kullum ƙarfina raguwa yake. Matata ta daina yi mini magana a kai, sai dai in wayar ta yi ƙara ta tashi ta bar ɗakin.

Baba ya koma gida saura mako biyu a yi taron, bai san komai ba. A filin jirgi, bayan ya gama yi mana addu'a, ya riƙe hannuna ya ce, "Ka gaishe da abokin nan naka. Ka ce masa ajiyarsa ta samu gata."

Ranar taron na hau doguwar bas da safe zuwa Birmingham, katin yana cikin ambulan a aljihun ƙirjina. Tafiyar ba ta kai awa uku ba, amma na shirya jawabi ya fi kala goma a hanya. Abokina yana jira na a ƙofar zauren, ya sa rigar da yake zuwa coci da ita, ya yi aski. Ya rungume ni. Na ce, "Mutumina, akwai wata magana."

"Dokta, ka bari mu gama da mutumin first, tun ɗazu yake jira. Daga nan sai in kai ka ka ci tuwo na gaskiya."

Da na so da na tsayar da shi. Hannu ɗaya zan sa in riƙo rigarsa. Sai na bi shi a baya kamar raƙumi da akala.

Zauren cike yake da tebura, manyan mutane sun sunkuya da gilashin ƙara girma suna leƙen kusurwar kwali. A gefe guda ga masanan nan masu ba da maki, in sun gama duba kati sai su rufe shi ruf cikin wata roba mai kauri da ba ta buɗuwa, mutane suna layi suna biya. Na tsaya ina kallonsu, na ce a raina to ai wannan shi ne abin da Baba ya yi, nasa dai da zafi ya zo. Na kusa yin dariya, irin dariyar da ba ta da daɗi.

Dattijon yana zaune a bayan teburinsa, ya shimfiɗa wani baƙin ƙyalle mai laushi, ya sa farar safar hannu. Abokina ya miƙo mini hannu, na ba shi ambulan. Ya buɗe a gaban mutumin.

Abokina ya tsaya da katin a hannu, bai motsa ba. Dattijon ya karɓa a hankali, ya juya gaba, ya juya baya, ya cire safar hannunsa ya ajiye, don babu sauran abin da za a kare. Bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cikin tausayi ya ce abin takaici ne ƙwarai, kati ne mai kyau, amma yanzu ba wanda zai duba shi balle ya saya. Ya tambaya wa ya yi wannan aikin.

Abokina ya yi masa godiya, ya ɗauki katin ya nufi ƙofa, na bi shi. Muka tsaya a gefen wurin ajiye motoci, ana yayyafi.

"Wa ya yi?"

"Ni ne," na ce. Tun a bas na yanke wannan shawarar, ba zan tona wa mahaifina asiri ba.

Ya juya bayan katin ya karanta takardar, leɓensa yana motsi. Ya sake karantawa.

"Wannan ba rubutunka ba ne. Naka kamar kaza ta yi tono. Baba ne ko?"

Na gyaɗa kai.

"Yaushe?"

"Mako biyar ke nan."

Ya ɗago ya kalle ni. Na shirya wa zagi, na shirya wa tsawa, har mari na shirya wa. Sai ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba bai yi mini laifi ba. Tsoho ya ga amana ya tsare ta yadda ya sani, ko babana ne haka zai yi. Kai fa? Sau nawa na kira ka? Five weeks, Dokta. Ka bar ni na ce wa mamana ta kira kafinta. Ka bar ni na ce ta sallami gidan haya. Ina tambayarka, kana ce mini yana nan lafiya."

Na fara cewa zan nemi yadda zan yi in cike masa, ko a hankali ne. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce ba kuɗina ya ba ni ajiya ba. Ya saka katin a aljihun rigarsa, ya ce in gaida madam, ya juya ya tafi wajen tashar bas. Na tsaya a wurin har yayyafin ya jiƙa mini kafaɗa, sannan na tafi na jira motar komawa Manchester, awa biyu kafin lokacinta.

Bayan nan na yi ta kira, ba ya ɗauka. Na rubuta dogon saƙo na ban haƙuri, ya amsa da kalma biyu, "Ba komai." Duk Bahaushe ya san irin wannan ba komai ɗin. Da Sallah yakan turo barka a layi ɗaya, da Kirsimeti in tura masa, shi ke nan. A bakin wani na ji cewa mahaifiyarsa sai da ta koma ɗakin wata ƙanwarta, kuma ginin bai samu rufi ba sai bayan shekara guda, da ƙarin aikin da ya riƙa karɓa ba Asabar ba Lahadi. Wannan labarin ya fi komai tsaya mini a rai. Kwalin katunana na tura shi saman kabad, ban ƙara buɗewa ba. In na ga ƙunshin katuna a kan kantar shago sai in kau da kai.

Baba kuwa duk sanda muka yi waya sai ya tambaya, "Abokinka ya karɓi ajiyarsa?" In ce ya karɓa, Baba. "Ya ji daɗi?" In ce ya ce a gode maka. Wannan ƙaryar ban taɓa yin nadamarta ba, ko da yake ita ma tana da nata nauyin.

Shekara uku aka yi a haka. Na samu aiki, muka koma Gorton. Sai wata ranar Talata aka kira ni da hantsi aka ce Baba ya rasu. Kafin in gama duba tikitin jirgi an riga an kai shi makwancinsa. Na zauna karɓar gaisuwa a falonmu, aka ɗage kujeru aka shimfiɗa darduma, 'yan'uwa ɗalibai da mutanen masallaci suna shiga suna fita.

A rana ta uku, bayan azahar, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe na ga abokina. Ya ɗan yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gefe. Ya cire takalmi ya shigo, ya zauna a ƙasa cikin malamai, ya yi mini gaisuwa yadda ake yi, "Ya haƙuri? Allah Ya ji ƙan Baba." Da aka ɗaga hannu ana addu'a shi ma ya sunkuyar da kai. Bai yi awa ɗaya ba ya ce zai koma, yana da aiki da safe.

Na raka shi bakin ƙofa. Ya sa takalmi, ya zaro ambulan daga aljihu ya miƙo mini. Na ɗauka irin ɗan abin da ake ba mai zaman makoki ne, na fara cewa haba, ai zuwan ma ya isa. Ya ce in buɗe.

Mutuminmu ne, da ƙurajensa da komai. Na juya baya. Rubutun Baba yana nan fes kamar jiya aka yi shi, ko ɗigon tawada bai dushe ba. Ledar ta yi aikin da aka sa ta. A lokacin ne na tuna cewa duk takardunsa suna can gida a akwatinsa, mu kuma a waya muke magana, ba ni da ko layi ɗaya na rubutun hannunsa a ƙasar nan sai wannan. Kwana uku ina amsa gaisuwa idona a bushe, a bakin ƙofar nan hawaye suka zo.

Abokina ya jira har na natsu. Na ce na gode, ban san da bakin da zan gode masa ba.

"Kar ka gode, ba kyauta ba ce," in ji shi. "Ajiya ce. Ka riƙe mini."

Na kalle shi.

"In wani abu ya same shi, ka kira ni a ranar. Ba bayan five weeks ba."

Na ce to. Ya dafa kafaɗata, ya tafi ya kama bas.

Ba zan ce mun koma kamar da ba. Ba ma yage katuna, duk mun tsufa da wannan, kuma akwai shekara guda ta rayuwarsa da ta mahaifiyarsa da ba ni da yadda zan mayar musu. In na tuna, ba ranar da Baba ya kai katin shago ce take damu na ba. Wannan kuskuren tsoho ne mai kyakkyawar niyya, da na ɗauki waya a yammacin nan da an yi baƙin ciki an wuce. Abin da ke damu na shi ne yadda "yana nan lafiya" ta riƙa fita daga bakina cikin sauƙi, sau bayan sau, ina ce wa kaina tausayinsa nake ji, alhali kaina nake tausayawa. Na gaji a lokacin, gaskiya ne, amma shi ma a gajiye yake, kuma bai yi wa kowa ƙarya ba.

Katin yana durowar fasfo har yau, a inda ya fara zama. Abokina yakan kira wata-wata, mu yi hirar aiki da ciwon baya da tsadar gidan haya. In za mu yi sallama sai ya ce, "Dokta, yaya mutuminmu?"

Sai in ce ya ɗan dakata. In tashi in je in buɗe durowar, in duba da idona, sannan in ba shi amsa.